Tumatir Tsakanin Tukunya da Ɗakin Bincike

Asalin tumatir shi ne yammacin Amurka ta Kudu, amma a ƙasar Meziko ne aka mayar da shi amfanin gona, kuma daga can Sifaniyawa suka kai shi Turai bayan sun ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521. Turawa sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi saboda dangantakarsa da wasu tsirrai masu guba, ta yadda sai a 1692 aka buga littafin girki na farko da ya ƙunshi miyar tumatir a birnin Napoli na Italiya.

Sunansa na magani ya riga hujja zuwa da nisa, domin tun a 1834 wani likita a Amurka, John Cook Bennett, ya yi ta yayata cewa tumatir yana warkar da gudawa da rashin narkewar abinci, 'yan kasuwa kuma suka shiga sayar da ƙwayoyin maganin da suka ce daga cikinsa aka haɗa su. Bincike na haƙiƙa ya jira har aka gano laikofin, wato sinadarin da yake ba tumatir jan launinsa. A 1989 Helmut Sies da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa laikofin ya fi sauran danginsa ƙarfin kashe kaifin wani nau'in iskar oksijin mai lahani ga ƙwayoyin halittar jiki, sannan a 1997 suka tabbatar cewa jiki ya fi zuƙar sa daga dafaffen markaɗen tumatir fiye da ɗanye. Dalili kuwa shi ne zafi yana fasa bangon ƙwayoyin tumatirin, laikofin kuma a mai yake narkewa, ba a ruwa ba.

Wannan sakamako ya dace da yadda ake girki a ƙasar Hausa, inda ake soya tumatirin Kadawa ko kauɗa, wato busasshen tumatir, da man gyaɗa ko manja kafin a tsayar da miya. Sai dai ƙaruwar laikofin a jinin mai lafiya ba ita ce shaidar kariya daga cuta ba. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta duba iƙirarin cewa tumatir yana rage haɗarin sankarar mafitsara ta maza, ta kuma yanke cewa hujjar da ke akwai ƙalilan ce ƙwarai.