Hanyar Doki a Stoke Bruerne

A ƙauyen Stoke Bruerne da ke yankin Northamptonshire a Ingila akwai wata siririyar hanya da ke bin gefen kanal, wadda masu shan iska ke takawa a ƙarshen mako. Yawancinsu shirun karkara suke zuwa nema, kamar dai haka Allah ya halicci wurin. Amma tun daga ruwan har gaɓarsa aikin hannun leburori ne, kuma hanyar nan don doki aka yi ta. A 1793 Majalisar Birtaniya ta amince a haƙa kanal ɗin Grand Junction domin haɗa Landan da garuruwan masana'antu na tsakiyar ƙasar. Dokin da ke nishi da amalanke a hanyar laka, idan aka ɗaura masa igiyar jirgi yana iya jan kayan da suka kai tan 25, yawanci kwal, yana tafe a hankali a bakin ruwa.

Tudun Blisworth ne ya tsaya wa aikin a wuya. Haƙar farko ta ramin da jirage za su bi ta ƙarƙashin tudun ta ci tura saboda ruwa ya yi ta cika shi, har aka shimfiɗa layin dogo na dawakai a bisa tudun, ana sauke kaya daga jirgi a wannan gefe a loda wa wani a wancan. Sai a 1805 aka buɗe ramin, mai tsawon kusan kilomita 2.8. Ba a bar wa doki wurin takawa a ciki ba. A bakin ramin ake kwance shi a hau tudu da shi, su kuwa mazaje su kwanta rigingine a kan allunan da aka gitta a goshin jirgin, su riƙa tokarar bango da ƙafafu cikin duhu, ruwan rufi na ɗiga musu, har su ɓulla ɗaya gefen. Hanyar da dawakan suka bi ta kan tudun tana nan, kuma tana cikin zagayen da masu yawo ke yi yau.

Za a iya cewa mayar da irin wannan wuri wajen shaƙatawa rena wahalar mutanen ne, an maishe da guminsu abin ado. Maganar tana da nauyi, domin iyalai da yawa sun ƙare rayuwarsu a ɗan ƙuntataccen ɗakin bayan jirgi, 'ya'yansu ba su zauna makaranta ba. Sai dai ciniki ya riga ya juya wa kanal baya tun kafin masu yawo su zo. Jirgin ƙasa tsakanin Landan da Birmingham ya fara aiki a 1838, manyan motoci suka biyo baya, sanyin 1962 zuwa 1963 kuma ya daskarar da ruwan na makonni, abokan ciniki da dama suka tafi ba su dawo ba. Kanal-kanal da yawa da suka rasa masu zuwa an cike su da ƙasa. Wannan kanal kuwa ya tsira ne saboda masu son jirgi da tafiyar ƙafa, irin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946. A 1963 aka buɗe gidan tarihin kanal a tsohon gidan niƙan hatsi na ƙauyen, kuma saboda jiragen masu hutu ne aka kashe kuɗi aka gyara ramin Blisworth, aka sake buɗe shi a 1984.