Rashidi Yekini: Daga Masaƙar Kaduna Zuwa Ragar Dallas



Akwai hoton da kusan duk mai son ƙwallon ƙafa a Najeriya ya sani: wani ƙaƙƙarfan mutum cikin raga, ya cusa hannuwansa cikin igiyoyinta ya damƙe, baki buɗe yana ihu. An ɗauki hoton a filin Cotton Bowl da ke Dallas a Amurka, ranar 21 ga Yunin 1994, lokacin da Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a tarihin Gasar Kofin Duniya. Yawancinmu a wannan hoton iliminmu game da shi ya tsaya. Alhali mutumin ya rayu shekara 30 kafin hoton, ya kuma ƙara kusan 18 bayansa. Waɗannan shekarun su ne abin tattaunawarmu yau.

An haifi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoban 1963, iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin ƙasar Kwara. Kadunan da ya buɗi ido a cikinta garin masana'antu ce. Tun 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa suka tare a garin. A wancan zamanin kamfanoni da attajirai ne ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo da yawa: Leventis United a Ibadan, BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko, Julius Berger a Legas. Masaƙar UNTL ma tana da tata ƙungiyar, kuma a nan Yekini ya fara taka leda da sunan ɗan wasa. Wato kuɗin atamfa ne ya fara ɗaukar nauyin ƙafar da ta ci wa ƙasa ƙwallon tarihi.

Daga Kaduna ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 ta sha kashi a hannun Zamalek ta Masar. A shekarar ce kuma ya fara buga wa Najeriya. Ya yi Abiola Babes ta marigayi M.K.O. Abiola a Abeokuta, sannan ya ƙetare zuwa Africa Sports ta Abijan a Kwaddibuwa. Bai taka Turai ba sai 1990, yana da shekara kusan 27, shekarun da 'yan wasan yau sun riga sun yi nisa a can. Ƙungiyar da ta ɗauke shi, Vitória ta Setúbal a Fotugal, ba ta cikin manya, har ta faɗa rukuni na biyu yana cikinta. Bai gudu ba. Ya ci ƙwallo 34 a kakar 1992/93 ta koma rukuni na ɗaya, a kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a gasar ƙasar baki ɗaya, har da 'yan wasan Benfica da Porto. A 1993 hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan kambu daga hannunta.

A rigar ƙasa ma sai da ya sha ɗaci kafin zuma. Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 da 1988, Kamaru ta doke ta duka biyun. Ta sake kaiwa a 1990, Aljeriya ta hana ta. A 1992 ta ƙare ta uku. Sai a Tunusiya a 1994, ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof, aka ɗauki kofin bayan doke Zambiya da ci 2 da 1, Yekini ya fi kowa zura ƙwallo da guda 5. Shekara goma cur yana bin kofi ɗaya. Mahaƙurci mawadaci.

Wanda ya san wannan doguwar hanya, idan ya sake duban hoton Dallas, zai gane abin da ke fita daga bakin mutumin. Finidi George ne ya miƙo ƙwallon daga dama, Yekini ya tura ta raga. Daniel Amokachi ya ƙara ta biyu, Emmanuel Amunike ya rufe da ta uku, aka ci Bulgeriya 3 da nema. Mu lura, ƙwallaye biyun farko na Najeriya a Kofin Duniya duk haifaffun Kaduna ne suka ci su, domin Amokachi ma ɗan garin ne, daga Ranchers Bees ya fito. Garin nan ne ya ba mu Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Mu nawa ne muka taɓa zama muka rubuta yadda aka yi gari ɗaya ya fitar da waɗannan mutane a zamani ɗaya?

Bayan 1994 tauraron ya fara dusashewa. Ya je Olympiacos ta Girka bai daɗe ba, ya je Sporting Gijón ta Sifen, ya koma Setúbal, ya yi Zurich, ya yi Tunusiya da Saudiyya. Ya halarci Kofin Duniya na 1998 a Faransa, daga nan ya ajiye rigar ƙasa da ƙwallo 37, adadin da har ya bar duniya babu ɗan Najeriyar da ya kamo. Ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, a 2005 kuma ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abeokuta yana da shekara 41.

Sauran rayuwarsa a Ibadan ya yi ta, a keɓe, nesa da taro da 'yan jarida. Jaridu sun yi ta kawo rahotannin rashin lafiyarsa, wasu na cin karo da wasu. Ya rasu ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a Ira ta Jihar Kwara. Kafin wannan rana masaƙun Kakuri da suka raine shi sun riga sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyoyin kamfanoni da yawa sun bi su.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, inda alƙalami bai je ba, jita-jita ce ke cike gurbin. Da yawa daga abin da ake faɗa kan ƙuruciyar Yekini da ƙarshensa, daga baki zuwa baki yake yawo, saboda sai da ya mutu aka tashi neman labarin. Yau akwai dattawa a Kakuri da Tudun Wada da Fagge waɗanda suka buga wa ƙungiyoyin masaƙa, ko Raccah Rovers ta Kano, ko suka horar da yara a filin unguwa ba albashi. Suna raye, kuma wayar da ke hannunmu tana ɗaukar murya. Mu je mu gaishe su, mu tambaye su shekara da suna da wuri, mu gwada maganar wannan da ta wancan, sannan mu rubuta da Hausa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa. Sai mun ji daga gare ku.