Layin Dogo a Bayan Mota: Yadda Ƙananan Jiragen Ƙasa Suka Koma Gaɓa-Gaɓa

A Turai da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da baƙo kan ɗauka wasan yara ce, sai ya ga furfurar masu yin ta. Mutum zai sayi ɗan jirgin ƙasa wanda kansa bai fi tsawon tafin hannu ba, ya shimfiɗa masa dogo a kan katako, ya gina tasha da gada da tsauni da gonaki, ya ba shi wuta ya riƙa tafiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai wannan kiwo yana da ci, kuma fili yake ci. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira HO, ana rage komai sau 87. Mutum yakan koma santimita 2, amma kilomita ɗaya ta dogo sai ta cinye mita 11 da rabi. Wane ɗaki ne zai ɗauki wannan? An fi shekara ɗari ana kokawa da tambayar. Amsar da ta fi karɓuwa a yau ita ce a yanka layin gaɓa-gaɓa kamar rake, kowa ya gina tasa gaɓar a gida, ranar taro a loda a mota a je a harhaɗa.

Maganar ta faro ne daga garin Göppingen na Jamus, inda wani maƙerin farin ƙarfe, Theodor Märklin, ya buɗe shago a 1859 yana ƙera 'yan tukwane da kwanonin wasan 'yan mata. Jiragen wasa sun riga Märklin zuwa duniya, amma kowanne gashin kansa yake ci: ka saya, yaro ya ja shi a ƙasa, ya gaji, ya jefar. A kasuwar baje kolin Leipzig ta 1891 'ya'yan Märklin suka fito da jirgi mai wani irin na agogo, tare da dogo guntu-guntu da ake sarƙafawa, kuma faɗinsa ƙayyadadde ne. Wanda ya sayi jirgi bana, baɗi zai dawo ya ƙara dogo, baɗin baɗaɗa ya sayi tarago da tasha, duk su dace da juna. Dabarar ciniki ce, ba shakka, amma daga ranar aka gane cewa daɗin abin yana cikin yarda da awo ɗaya.

Jiragen farko manya ne, na masu falo mai faɗi. Da gidajen ma'aikata suka zama su ne kasuwa, sai aka shiga ragewa. Kamfanin Bing na Nuremberg ya fito da jirgin kan tebur a 1922. A 1935 Märklin da kamfanin Trix suka shigo da nasu mai faɗin dogo milimita 16.5, kusan rabin tsohon ma'aunin O, daga nan sunan HO ya samo asali. Ingilawa kuwa suka tarar injin lantarkin zamanin ya ƙi shiga cikin jikin ƙananan kawunan jiragensu, sai suka ɗan kumbura jikin zuwa ragi sau 76 suka bar dogon yadda yake. Har gobe haka jiragensu na OO suke, gangar jiki da ƙafa ba awonsu ɗaya ba, kuma sun saba. A wannan shekara ta 1935 ɗin dai masu sha'awar a Amurka suka taru a Milwaukee suka kafa ƙungiyar NMRA, don takaicin cewa taragon wani kamfani ba ya hawa dogon wani.

Duk da haka, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu layin gida abu ne na dindindin. Mai ƙaramin ƙarfi a Amurka yakan samu fallen katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya zagaya dogo a kai. Mai hali kuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake cikawa, ya kafe katako a bango, ya zuba filasta. Gwanin wannan zamani shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya, wanda ya raɗa wa layinsa suna Gorre & Daphetid. Kafin shi, yawanci jirgin wasa fes yake, yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kwali. Allen ya ce jirgin gaske ba haka yake ba. Ya shafa wa taragai tsatsa da ƙura, ya baƙanta rufi da kunkunniya, ya sa katako ya koɗe kamar ya sha rana da damina. Wata rumfar kawunan jirgi da ya gina ta ci gasa a 1948, har da tantabaru a kan rufin da kashinsu. Layinsa na ƙarshe ya ɗauke shi kusan shekara 20, tsaunukansa sun taso daga daɓe har kusa da silin, mutum yana tafiya a tsakiyarsu kamar yana cikin kwazazzabo. Allen ya rasu a watan Janairun 1973. Kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta tashi a gidan ta cinye layin. Da ma ko ba gobara, abokansa sun shiga tunanin yadda za a yi da shi, don abu ne da aka gina a jikin gida, ba ya ɗaukuwa.

A cikin wannan shekara, a jihar dai, wani Ben Davis na ƙungiyar Belmont Shore ya fito da shawarar da ta sauya lissafi. Ba gobarar ce ta sa shi ba. Damuwarsa daban ce. A lokacin ma'aunin N, wanda kamfanin Arnold na Nuremberg ya yaɗa a farkon shekarun 1960, mai dogon milimita 9 da ragi sau 160, raina shi ake yi, ana cewa kayan yara ne. Davis yana so a nuna wa jama'a dogon jirgi mai taragai rututu yana gudu a kansa, kuma babu mutum ɗaya mai filin yin haka. Sai ya ce kowa ya gina tebur mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2, saman dogo ya kasance inci 40 daga ƙasa, layuka uku su ratsa gaban teburin a wuri ɗaya ƙayyadadde. Abin da ke bayan layukan kuwa, ko birni, ko daji, ko ma'aikata, ruwan mai shi. Aka kira tsarin NTRAK, wani Jim FitzGerald ya riƙe jaridarsa shekara da shekaru, kuma a babban taron NMRA na San Diego a 1974 mutane suka ga teburan da aka gina a gidaje daban-daban an matse su da ƙarfen kafinta, an sa guntun dogo a kowace mahaɗa, jirgi ya ratsa su duka.

Hikimar tana bakin gaɓar. Ba a ce wa kowa ga abin da zai gina ba. Abin da aka tsare kawai shi ne inda aikinka zai taɓa na maƙwabcinka: tsayi, wurin dogo, da filogin wuta. Sai dai NTRAK yana da aibinsa, kuma a ganina masu sukarsa ba su yi ƙarya ba. Layuka uku miƙaƙƙu suna zagaye ɗaki kamar filin sukuwa, ga hamada a wannan tebur, ga dusar ƙanƙara a na kusa da shi, jirgi yana ta dawafi ba ya zuwa ko'ina. 'Yan kallo suna so. Mai son aikin jirgi na gaske kuwa hamma yake yi.

Jamusawa ne suka gyara wannan. A 1981 aka kafa ƙungiyar FREMO, wadda ta yi watsi da dokar tebur mai kusurwa huɗu. Gaɓarka ta yi tsawon da ka ga dama, ta lanƙwasa yadda ka so. Fuskar katakon ƙarshe kaɗai aka ƙayyade, da surar ƙasar da ke kanta, da ramukan noti. Ramukan ma da gangan aka faɗaɗa su fiye da kaurin notin, don a samu damar gyara gaɓa biyu har kan dogo ya yi daidai da ɗan'uwansa kafin a ɗaure. Suka ɗaga layin zuwa mita 1.3, kusa da ƙirjin mutum, yadda za a kalli jirgi ta gefe kamar mai tsaye a bakin dogo, ba ta sama kamar shirwa ba. Taronsu ba na 'yan kallo ba ne. Sukan hayi zauren wasanni na kwana uku ko huɗu, wani ya zana yadda gaɓoɓin za su jeru tun kafin ranar, a rubuta jadawalin tafiya, a rataye agogo mai gudu wanda awarsa ba ta fi 'yan mintoci ba. Kowane tarago da katinsa mai faɗin kayan da ya ɗauko da inda za shi, kuma shugaban wannan tasha sai ya buga wa na gaba waya kafin ya saki jirgi. A tsakiyar shekarun 1990 'yan wata ƙungiya ta garin San Luis Obispo suka ɗauko tunanin suka kai Amurka da sunan Free-mo, mai tsayin inci 50.

Wuta ma ta daɗe tana ba da wahala, don a tsohon tsari dogon ake bai wa wuta, duk jirgin da ke kai ya tashi tare. Tsarin DCC, wanda ya samo asali daga aikin Bernd Lenz a Jamus kuma NMRA ta amince da shi a shekarun 1990, ya sa wa kowane kan jirgi ɗan ƙwaƙwalwarsa da lambarsa. Waya biyu masu kauri su bi ƙarƙashin gaɓoɓin, direba ya riƙe ɗan akwati a hannu yana bin jirginsa a ƙafa.

Abin da ba a zata ba shi ne yadda ƙanƙantar gaɓa ta ƙara wa aikin kyau. Mai ɗaki guda na layi yakan mutu bai gama ba, rabinsa katako tsirara. Mai gaɓar ƙafa huɗu yana iya ɗora ta a teburin cin abinci, ya kifa ta ya yi wayoyi a zaune, ya juyo ta ya ba kowane taƙi haƙƙinsa. Filasta mai nauyi ta ba da wuri ga soso mai tauri irin na tare sanyi a bango, wanda ake sassaƙa tudu da rafi da wuƙa. Garin katako rinanne da ake yin ciyawa da shi a da ya kau. Yanzu zare ne ƙanana da wata na'ura ke caja da lantarki, su faɗa kan gam su tsaya cirko-cirko kamar ciyawar farkon damina. Tsakuwar dogo da buroshi ake baje ta, a jiƙa, a ɗiga mata gam mai ruwa. Gefen dogo a shafa masa launin tsatsa, darasin Allen ke nan. Inda aka fi shan wuya shi ne baki: can dogo yake karyewa in an yi karo da ƙofar mota, shi ya sa ake like shi da dalma a kan sukurun tagulla, a kuma rufe fuskar da katako kafin tafiya. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana feƙe kara yana haɗa mota zai gane wannan irin haƙuri.

Japanawa, da ɗakunansu suka fi na kowa matsi, su suka kai abin maƙura. Wajen shekarar 2000 wani tsari ya ɓullo a can, wata Lee Monaco-FitzGerald ta gan shi ta kai Amurka a 2001 da sunan T-TRAK. Akwati ne mai tsawon milimita 308 da tsayin milimita 70, ba ƙafa, ba notin haɗawa. A jera a kan tebur, maƙalan dogon kamfanin Kato su riƙe su. Yana shiga jakar hannu, ana hawa jirgin gaske da shi a je taro.

Yawancin jiragen N na Japan ragi sau 150 ne maimakon 160, saboda yawancin layukan ƙasar sirara ne, milimita 1,067, jiragen kuma ƙanana a jiki. Faɗin nan shi ne na tsohon dogon da ya iso Kano a 1911. Mai son ya kwaikwayi tashar Kano ko ta Zariya a ma'aunin HO, dogo mai milimita 12 zai nema, irin wanda masu kwaikwayon jiragen Queensland ta Ostireliya suke amfani da shi.