Cocin Prejmer: Tsakanin Shaidar Ganuwa da Ruwayar Baka

A gabashin birnin Brașov, cikin yankin Transilbaniya na ƙasar Romaniya, akwai wani ƙauye mai suna Prejmer, wanda cocinsa ya fi kama da sansanin yaƙi fiye da wurin ibada. Asalinsa yana komawa ga mayaƙan ƙungiyar Tutonik, waɗanda Sarki Andrew na Biyu na Hangari ya zaunar a yankin a shekarar 1211, ya kuma kore su a 1225. Manoma Jamusawa da ake kira Sakson su ne suka ci gaba da zama a ƙauyen.

Ƙauyen yana kan hanyar da mahara ke bi idan sun ƙetaro duwatsun Karfat. Mongol sun ɓarnata ƙasar a 1241, dakarun Daular Usmaniyya ta Turkiyya kuma sun kai farmaki yankin a 1421. Da yake manoman ba su da ƙarfin kewaye dukan gari da ganuwa, sai suka kewaye cocin kaɗai. Tsayin ganuwar ya kai kimanin mita 12, kaurinta kuwa ya haura mita 3. Hanyar shiga wani dogon zaure ne mai ƙofar da ake saukowa da ita daga sama. A saman ganuwar akwai rufaffiyar hanya mai kafofin harbi. Akwai kuma wani makami da ake wa laƙabi da "molon mutuwa": katako ne mai juyawa da aka ɗaura wa bakunan bindiga a fuska biyu, ana harba na gaba ana ɗura na baya.

Abin da ya fi jan hankali yana daga ciki. An manna wa ganuwar ɗakuna kimanin 270, hawa-hawa, kowane gida da nasa. A lokacin zaman lafiya rumbuna ne. Idan yaƙi ya taso su zama mazauni.

Ruwayar baka tana cewa an kai wa ƙauyen hari kusan sau 50, kuma sau da yawa akan taƙaita maharan a kan "Turkawa". A nan ne ya wajaba mai nazari ya yi tankaɗe da rairaya, kamar yadda malaman hadisi ke auna ruwaya kafin karɓarta. Hare-haren Turkawa da Tatar tabbas sun faru, an kuma kwashi bayi. Musun hakan rashin adalci ne. Sai dai faɗuwar da aka fi ambata a tarihin wannan ganuwa ta auku ne a 1611, a hannun Gabriel Báthory, yariman Transilbaniya, Kirista, wanda ya yaƙi garuruwan Sakson alhali ƙasarsa tana biyan haraji ga Istanbul. Wato rikicin bai tsaya kan iyakar addini ba. Mulki da haraji da ganima duk sun yi tasiri.

A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya Prejmer cikin wuraren tarihi na duniya. Yawancin Sakson sun riga sun yi ƙaura zuwa Jamus, ɗakunan sun zama fanko. Duk da haka ginin yana shaida cewa maginansa sun tanadi kariya ne daga duk wanda ya zo da makami, ko da giciye yake ɗauke da shi ko jinjirin wata.