Daga SAP Zuwa Makarantun Kwali: Ƙungiyoyin Ƙwadago da Abokan Tafiyarsu

Tsuke bakin aljihu, wato matakin da gwamnati ke ɗauka na rage abin da take kashewa a kan albashi da tallafi da ayyukan jama'a idan baitulmali ya yi ƙasa, ya fara shiga bakin ma'aikatan Najeriya sosai ne a 1982, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari kuma ta kafa dokar daidaita tattalin arziki. A wannan lokaci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, shekararta huɗu kacal da kafuwa, amma ta riga ta gwada ƙarfinta, domin yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981 ƙarƙashin Hassan Sunmonu shi ne ya haifar da mafi ƙarancin albashi na Naira 125.

Ƙawance na gaske da waɗanda ba ma'aikata ba ya ƙullu ne a zamanin Janar Ibrahim Babangida. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, NLC ta shirya zanga-zangar nuna goyon baya a ranar 4 ga Yuni, gwamnati kuwa ta kama shugabanninta, ta kuma yi dokar da ta cire ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga cikin NLC. Sojoji sun fahimci abin da wasu 'yan ƙwadago ba su gama fahimta ba tukuna, cewa haɗuwar mai albashi da ɗalibi da malamin jami'a ita ce babbar barazana ga shirin SAP, wato tsarin karya darajar Naira da janye tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati da aka ƙaddamar a wannan shekara bisa shawarwarin Bankin Duniya da asusun IMF. A 1988 aka rushe shugabancin NLC na Ali Chiroma, tarzomar ƙin jinin SAP ta 1989 kuwa ta tashi daga harabar jami'o'i, ɗalibai na gaba, 'yan kasuwa da marasa aikin yi na biye.

Zamanin Adams Oshiomhole, daga 1999 zuwa 2007, ya mai da wannan ƙawance tsayayyen tsari, inda aka kafa gamayyar LASCO tsakanin 'yan ƙwadago da ƙungiyoyin farar hula, aka kuma yi ta yajin aiki duk sa'ad da aka ƙara kuɗin man fetur. Sai dai ƙawancen yana da rauni tun daga tushe, wanda ya fito fili a watan Janairun 2012. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa kusan 141, jama'a suka cika tituna a Legas da Kano da Abuja kafin ma a fara yajin aiki a ranar 9 ga wata. Bayan mako guda NLC ta Abdulwahed Omar da takwararta TUC ta Peter Esele suka janye yajin, aka tsayar da lita a Naira 97, abokan tafiya da dama kuma suka ce an sayar da su. Hukuncin nan ya yi tsauri, amma yana da dalili: ƙungiyar ƙwadago tana da kujera a teburin sulhu, tana da mambobin da za ta yi wa bayani, alhali wanda ya rufe shagonsa ya fito kan titi ba shi da ko ɗaya.

A Kwali, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a 1996 a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wannan rauni ya ɗauki wata siga dabam. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da amincewa da sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, nauyin biyan malaman firamare ya ci gaba da zama a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi. Da aka gaza aiwatar da sabon albashin da biyan ariyas, wato bashin ƙarin da ya taru, sai reshen Abuja na ƙungiyar malamai ta NUT ya shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani a ranar 24 ga Maris 2025. Makarantun firamare na gwamnati a Kwali da Yangoji da Dafa da Kilankwa suka kasance a garƙame fiye da wata uku, daidai lokacin faɗuwar damina, mai hali ya mai da ɗansa makarantar kuɗi, manomin doya kuwa ya tafi da nasa gona.

Nan ne bambancin yake. A rikicin man fetur, gwamnati ce ke ƙuntata wa kowa, don haka yajin aiki yana tara jama'a a gefe ɗaya. A rikicin albashin malamai kuwa, wanda yajin ya fi cutarwa shi ne talakan da ya kamata ya zama abokin tafiya. Malamai sun sami goyon bayan ma'aikatan ƙananan hukumomi na NULGE, waɗanda matsalarsu ɗaya ce, amma iyayen yara a ƙauyukan Gbagyi da Ganagana da Bassa ba su da wata ƙungiya mai murya irin wannan. Sai da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ta yi barazanar fitowa zanga-zanga, tsohon ƙawancen 1986 ya sake motsi, Ministan Abuja Nyesom Wike ya zauna da ɓangarorin a farkon Yuli, aka janye yajin cikin wannan wata. Kuɗin da aka amince a biya malaman da shi an ɗebo shi ne daga kason kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga da ake ba ƙananan hukumomin, na tsawon wata shida, wato daga asusun da ake sa ran zai gyara rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin mazaɓun Kwali.