Kududdufin Bayan Gidanmu

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya zo hutu bara, muna zaune a ƙofar gida a Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar, sai ya ce, "Kawu, ka san ƙaramar hukumar da nake zaune ta ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi?" Ya ce Darebin ce ta fara, wata ƙaramar hukuma a birnin Melbon na Ostareliya, a Disambar 2016, birnin Biristol ya bi sahu a 2018, daga nan abin ya bazu. Na ce, "Madalla. To da suka ayyana, wa ya shiga kwata?" Ya yi dariya, ya ɗauka ba'a nake.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, magini ne. Lokacin da na yi wayo, yawancin gidajen unguwar nan na ƙasa ne, in ka miƙe wajen Darmanawa kuwa gonaki ne sai ka gaji da tafiya. Ƙasar da ake kwaɓa tubali a bayan gidanmu ake haƙo ta, ramin da ya rage ya zama kududdufi. Ba wanda ya zana shi a takarda, amma duk indararon layinmu can yake ƙarewa. Da damina ya cika maƙil, kwaɗi su hana mu barci, agwagi su yi ta iyo, mu kuma mu sha bulala saboda wanka a ciki. Da rani ya janye, masu bulo da masu rini su samu na aiki. Sauro kam akwai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Farin 1973 ina ƙarami, abin da na riƙe kawai shi ne tsagewar gindin kududdufin kamar bayan kunkuru. Amma 1988 da idona na gani. A watan Agusta aka yi markar da ta fasa madatsar Bagauda, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a Kano. Katangar zaurenmu ta faɗi cikin dare, Baba ya tsaya da fitilar ƙwai yana kallon azara a ƙasa, bai ce uffan ba. Duk da haka ruwa bai kwana a ɗakunanmu ba. Ya san hanyarsa, ya tafi.

Ta-ɓacin wancan zamani mai unguwa ne ke ayyana ta. Da hadari ya fara haɗuwa gabas, sai a yi shela a masallaci bayan asuba: gobe gayya. Kowa ya fito da shebur ko manjagara, mata su aiko da kunu. Dattawa kan ba mu labarin dubagari na zamanin En'e, wanda in ya leƙa randarka ya ga tsutsa, sai ka gurfana gaban alƙali. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, zamanin Buhari da Idiagbon kuma aka ɗora mana tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda yanzu ta koma ranar ramuwar barci da ƙwallon yara a kan titin Zariya.

A 1996 aka yanko Tarauni ta zama ƙaramar hukuma, hedikwata a Unguwa Uku. Tsarin mulkin 1999 ya rubuta ƙarara cewa magudanan ruwa da kwasar shara aikinta ne. Sai dai kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kai tsaye. Ni dai ban ga amfanin shelar wanda aljihunsa ke hannun wani ba.

Amma laifin ba na ofis kaɗai ba ne, mu muka cike kududdufin. Da bola muka fara, baro-baro, har da na gidanmu. Da ya taushe, wasu da ba sai na kama suna ba suka zo da igiya suka yanka shi fuloti shida. Yau shaguna ne da bene ɗaya a kai. Ruwan kuwa yanzu ba ya zuwa da ladabi: a yi kwana goma sha ba ɗigo, sannan a sauke na wata guda cikin awa biyu, ya tarar da siminti ko'ina, kwata cike da ledar fiya-wata.

Asabar ɗin da ta biyo bayan hirarmu na miƙa wa ɗan ƙanwar tawa shebur. Ya naɗe wando, ya shiga lambatun ƙofar gida, ya fito da leda buhu huɗu da takalmi wari guda. Da dare aka yi ruwa, da safe muka tarar da mai shagon da ke daidai tsakiyar tsohon kududdufin yana kwarfe ruwa da bokiti, buhunan sukarinsa a jere kan benci.