Kiɗan da Kowa Ya Sani, Ba a San Mai Shi Ba

Duk bidiyon da muka buɗe a waya, na girki ne ko na tallar takalmi, akwai kiɗa a bayansa. Ba mu cika tambayar wanda ya tsara shi ba. Yawancinsa daga taskar kiɗa aka ɗauko shi, wato kamfanin da ke tara dubban kaɗe-kaɗe da aka riga aka naɗa, yana ba da hayarsu ga mai buƙata. A yau ana kwaɗaita wa matasa wannan hanya, wai ka zuba kiɗanka ka kwanta kuɗi na shigowa. Sana'ar ta haura shekara 100, kuma tarihinta ya nuna inda kuɗin yake.

A Landan abin ya fara. A 1909 wani makaɗi ɗan asalin Holan, Meyer de Wolfe, ya kafa kamfanin da ke samar wa gidajen sinima kiɗa a rubuce. Finafinan lokacin ba su da magana, sai makaɗa su zauna a gaban majigi suna bin abin da ke faruwa: wannan takarda ta tsoro, waccan ta soyayya, wata ta tsere. Da fim mai sauti ya bayyana a 1927, sai kamfanin De Wolfe ya koma naɗar kiɗan. Tun daga nan aka daina jera kiɗa da sunan mai shi, aka koma jera shi da irin yanayin da zai dace da shi.

Yaɗuwar talabijin ta buɗe kasuwar sosai. Kamfanin KPM ya shigo a 1956, kuma a shekarun 1960 da 1970 ya fitar da ɗaruruwan fayafayai masu koren bango waɗanda ba a sayarwa a kanti, sai dai a aika wa gidajen talabijin da masu shirya fim. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ga wannan zai rage wa mambobinta aiki, ta hana su shiga ciki. Saboda haka aka daɗe ana tsallakawa ƙasashe irin su Jamus a naɗo kiɗan, har zuwa ƙarshen shekarun 1970.

Wasu daga cikin waɗannan kaɗe-kaɗe sun fi masu su suna. Kiɗan Keith Mansfield ne BBC take buɗe shirin gasar tanis ta Wimbledon da shi. Wani kiɗa na Johnny Pearson ya tsallaka teku ya zama taken wasan ƙwallon Amurka na daren Litinin. A 1973 wani kiɗan De Wolfe mai suna Eye Level, wanda aka ɗauka a matsayin taken wani wasan kwaikwayo na 'yan sanda, ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da aka fi saye a Birtaniya. Wanda ya tsara shi, Jan Stoeckart, da sunan aro ya sa hannu.

To ina ribar mutumin da ba a san sunansa ba? Ƙofa biyu kuɗin ke shigowa. Ta farko kuɗin lasisi ne da mai shirya fim ke biya, wanda aka saba rabawa tsakanin taska da mai kiɗa. Ta biyu ta fi daɗewa tana zuba: duk sa'ad da aka watsa kiɗan, gidan talabijin na rubuta shi a takarda, ƙungiyoyin karɓar haƙƙi irin su PRS a Birtaniya da ASCAP a Amurka, waɗanda duka aka kafa a 1914, su karɓo kuɗi su ba mai shi. Kiɗan da aka naɗa cikin 'yan mintuna zai iya ciyar da gida shekara da shekaru. Sai dai kaɗan ne ke samun wannan sa'a. Mafi yawa suna nan kwance a kan kanta, ba wanda ya taɓa su.

Intanet ta sauya masu saye. A 2007 YouTube ya kawo Content ID, manhajar da ke ɗaukar tambarin sauti ta kwatanta shi da kowane bidiyo da aka ɗora. Wanda ya sa kiɗan wani ba izini sai a karkatar da kuɗin tallarsa ko a toshe bidiyon. Nan take miliyoyin mutane suka shiga neman kiɗa mai araha da lasisi. AudioJungle ya buɗe a 2008, Epidemic Sound ya biyo baya a 2009 a birnin Stockholm na Suwidin. Shi na biyun ya zo da tsarin sayen haƙƙin kiɗa gaba ɗaya daga mai shi, sannan ya ba masu bidiyo hayar dukan taskar da kuɗin wata-wata. Mai kiɗa ya samu kuɗi a hannu da wuri, amma kiɗan ya bar hannunsa.

Mu da muke rubuta manhaja mun san yadda irin wannan rumbu ke aiki. Mai saye ba ya neman sunanka. Kalma yake bugawa, kamar "natsuwa" ko "gaggawa", ya saurari daƙiƙa biyar ya wuce. Kiɗan da ba a yi masa bayani mai kyau ba, na yanayinsa da saurinsa da kayan da aka kaɗa, tamkar babu shi ne. Wannan shi ne jerin takardun De Wolfe na 1909, kwamfuta ce kawai ta karɓi aikin magatakarda.

Yanzu matashi mai kwamfuta a Kano ko Damagaram zai iya aika kiɗan kalangu ko gurmi zuwa irin waɗannan taskoki ba tare da ya taka Landan ba. Kafin ya danna amincewa, ya kamata ya karanta yarjejeniyar ya gano abu uku: haƙƙin nasa ne bayan an biya shi ko ya tafi ke nan, an hana shi kai kiɗan wata taska ko an bar shi, kuma yana da kaso idan aka watsa kiɗan ko babu. Waɗanda suka ci moriyar fayafayan nan masu koren bango har tsufansu, wannan kaso na uku ne suka riƙe.